Haɗarurrukan Koyon Tuƙin Jiragen Yaƙi da Karon Jirage a Sama a Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu

1.0 Gabatarwa

Idan ana batun mayaƙan sama da suka rasa rayukansu a Yaƙin Duniya na Biyu, abin da yakan fara faɗowa a zuciyar mai sauraro shi ne jirgin da abokan gaba suka harbo a bakin daga. Amma akwai wani rukuni mai yawan gaske wanda ba a cika ambatonsa ba, watau samarin da suka mutu tun suna ɗalibai, ba su ko yi ido huɗu da abokin gaba ba. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda hakan ta faru. Za mu fara da girman asarar da aka yi, sa'an nan mu dubi tsarin horon kansa, mu zo ga dalilan da ke sa jirage biyu su yi karo a sarari, daga bisani mu kawo matakan gyara da aka ɗauka. Mun fi mai da hankali ga Amurka da Ingila da ƙasashen da suka yi tarayya da Ingila wajen horo.

Batun bai yi mana nisa ba kamar yadda za a zata. Daga watan Satumba na 1940 jiragen yaƙin Ingila da ake harhaɗawa a Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, sun riƙa bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, watau Injamena ta yau, su wuce Hartum har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya, kuma da yawa daga cikin matuƙan da suka sauka a Kano daga irin makarantun da za mu yi magana a kansu suka fito.

2.0 Girman Asarar

Bisa ga ƙididdigar rundunar mayaƙan sama ta sojan ƙasa na Amurka, daga Disamba 1941 zuwa Agusta 1945 an yi haɗarin jirgi 52,651 a cikin ƙasar Amurka kanta, inda babu abokin gaba ko ɗaya. Mutum 14,903 suka mutu, jirage 13,873 kuma suka lalace. Idan muka raba wannan da kwanakin da ke cikin watanni 45 ɗin, za mu ga kusan mutum 11 ke mutuwa kowace rana, ana kuma asarar jirage kamar 10. Shekarar 1943 ita ta fi muni, domin a cikinta kaɗai mamatan sun haura 5,000. Ba dukansu ne ɗalibai ba, akwai masu kai jirage daga masana'anta da masu gwaji, amma mafi yawan tashin da ake yi a cikin ƙasar na horo ne.

A Ingila kuwa, rundunar jiragen jefa bom ta yi amfani da ma'aikatan jirgi wajen 125,000, kuma 55,573 daga cikinsu suka mutu. Fiye da 8,000 daga cikin mamatan nan a haɗari suka mutu, ba a wurin kai farmaki ba, watau kusan mutum ɗaya cikin bakwai ke nan.

Lissafin Kanada ya sha bamban. A ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Ottawa ran 17 ga Disamba 1939 tsakanin Ingila da Kanada da Ostareliya da Niyuzilan, an yaye ma'aikatan jirgi 131,553 a Kanada kafin a rufe shirin a ƙarshen Maris 1945, ɗalibai 856 kuma suka mutu. Ƙarancin wannan adadi yana da dalili. Kanada tana da sarari mai faɗi, kuma matakin da ya fi haɗari, watau koyon manyan jirage da dare, mafi yawan ɗaliban sai sun isa Ingila suke yinsa.

3.0 Tsarin Horo da Matsalar Gaggawa

Tushen matsalar shi ne yawan mutanen da aka so a horar cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. A 1939 mayaƙan saman Amurka ba su wuce dubu ashirin da 'yan kai ba, amma a 1944 sun kai miliyan 2.4. Kafin 1939 matuƙa 'yan ɗarurruwa ake yayewa a shekara. A 1941 an tsai da shawarar a riƙa yaye 30,000. Daga 1939 zuwa 1945 an yaye matuƙa kimanin 193,000, wasu fiye da 120,000 kuma ba su kai ga ƙarshe ba.

Horon hawa-hawa ne. A Amurka ɗalibi yakan fara da ƙaramin jirgi mai fiffike biyu irin Stearman, ya yi awa sittin zuwa sittin da biyar a sama. Daga nan ya koma BT-13, inda zai fara tashin dare da tashi cikin sahu, sa'an nan ya ƙarasa da AT-6 ko wani jirgi mai inji biyu. Duka-duka yakan sami awa ɗari biyu ko sama da haka kaɗan kafin a ba shi lambarsa ta matuƙi. Kowane mataki da can mako goma sha biyu ne, aka rage shi zuwa goma, a 1942 kuma ya koma tara. A ɓangaren Ingila ana farawa da Tiger Moth, a wuce zuwa Harvard ko Anson ko Oxford, daga nan a shiga sansanin share fagen yaƙi, inda matuƙi da mai duba hanya da mai rediyo da maharba suke haɗuwa su zama ƙungiya guda.

Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Gaggawar nan ta jawo illoli uku. Na farko, malamai sun yi ƙaranci, har ya zama ana riƙe ɗaliban da suka fi ƙwazo a mai da su malamai, alhali kuwa 'yan watanni kaɗan suka ba ɗalibansu. Na biyu, sansanonin share fage na Ingila da tsofaffin jirage suke aiki, irin Wellington da Whitley da rundunonin bakin daga suka gama moriyarsu, ga shi kuma ana tashi da dare, cikin hazo da sanyi, a ƙasar da aka kashe fitilunta don tsoron farmaki, kusa da tsaunukan Wales da arewacin ƙasar. Na uku, sararin sama ya cika maƙil. Fili ɗaya yakan ɗauki jirage da dama suna zagayawa, suna sauka suna tashi, mafi yawan ƙananan jiragen koyo kuma ba su da rediyo. Da fitila mai kore da ja ake ba su umurni daga ƙasa.

4.0 Dalilan Karo a Sama

Mai tambaya zai ce, sararin sama da faɗinsa, ta yaya jirage biyu za su haɗu a wuri guda? Amsar tana da rassa biyar.

4.1 Gazawar Ido

Ƙa'idar da ake bi a lokacin ita ce matuƙi ya gani ya kauce. Sai dai idon ɗan Adam ba ya gani tangaran sai a ɗan tsakiyarsa, abin da bai wuce faɗin babban yatsa ba idan aka miƙe hannu. Gefen ido kuwa motsi yake kamawa. To, a nan gizo ke saƙa. Idan jirage biyu suna tafiya a miƙe, kowanne da gudunsa ba ya canzawa, kuma hanyarsu za ta haɗu a lokaci guda, to kowannensu zai ga ɗayan tsaye cik a wuri ɗaya a jikin gilashi, kamar ɗigon datti. Jirgin da ke motsi a gilashi wucewa zai yi. Wanda ba ya motsi shi ne zai buge ka, kuma shi ne ido ya fi wuyar kamawa. Ɗigon yakan daɗe yana ƙarami, sai a sakan na ƙarshe ya kumbura ya cika gilashin.

Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta daga baya cewa daga ganin abu, da gane cewa jirgi ne, da yanke shawara, har jirgin ya amsa ya karkata, ana bukatar sakan 12.5. Mu ɗauki jirage biyu masu fuskantar juna, kowanne yana gudun kilomita 300 a awa. Suna cinye tazarar da ke tsakaninsu da gudun kilomita 600 a awa, watau kilomita ɗaya cikin sakan shida. Ashe ke nan, in ba a hangi juna tun daga nisan kilomita biyu ba, bakin alƙalami ya bushe. Ɗalibi kuwa, wanda idonsa ke kan agogunan jirgi ko taswira, da wuya ya sami wannan sarari.

4.2 Wuraren da Jirgi Ke Rufe wa Matuƙi

Fiffike da hancin jirgi da inji suna toshe wa matuƙi gani, musamman ƙasa da baya. Ran 29 ga Satumba 1940 jiragen Anson biyu na makarantar horo da ke kusa da Wagga Wagga, a Ostareliya, suna karya kwana a saman garin Brocklesby, na sama ya daina ganin na ƙasa, ya sauka a bayansa, suka sarƙe. Injinan na sama suka mutu, na ƙasa suka ci gaba da aiki. Mutum uku suka diro da laima, ɗalibin da ke tuƙa na sama, Leonard Fuller, ya ga sitiyarinsa na amsawa, ya lallaba jiragen biyu a manne har ya sauke su a wani fili. Duka huɗun suka rayu. An daɗe ana ba da wannan labari saboda irinsa ba kasafai yake ƙarewa haka ba. Irin wannan karo ya fi aukuwa a lokacin sauka, sa'ad da jirage biyu suka nufi titi ɗaya, wani bisa wani, kowa idonsa na gaba.

4.3 Gajimare

Ran 11 ga Disamba 1941 John Gillespie Magee, ɗan shekara 19 da ke aiki da mayaƙan saman Kanada, yana komowa daga atisaye cikin jirgin Spitfire a lardin Lincolnshire na Ingila. Yana saukowa ta wata kafa a cikin gajimare sai ya yi karo da jirgin Oxford na makarantar Cranwell, wanda wani ɗalibi ke tuƙawa a ƙarƙashin gajimaren. Duka biyun suka mutu. Kowannensu yana bakin aikin da aka sa shi. Abin da babu shi ne wani a ƙasa da ke ganinsu duka, wanda zai raba musu hanya.

4.4 Tashi Cikin Sahu

Dabarar yaƙin Amurka ta dogara ga manyan jirage su tafi a dunƙule, bindigoginsu na kare juna. Saboda haka dole ɗalibi ya koyi riƙe jirgi mai inji huɗu kusa da fiffiken ɗan'uwansa, cikin iskar da farfelar na gaba ke hargitsawa. Kuskuren sakan ɗaya ya isa, kuma kowane jirgi na ɗauke da mutum tara ko goma. Ran 25 ga Oktoba 1943 jiragen B-24 biyu na sansanin Fairmont suka yi karo kusa da Milligan, a jihar Nebraska, mutum 17 suka mutu, ɗaya tak ya tsira. A gabashin Ingila matsalar ta ninka, domin filayen jirage suna kusa da juna ƙwarai, ɗaruruwan jirage kuma suna tashi da asuba su ratsa gajimare kafin su haɗa sahu.

4.5 Ganganci

Ba za mu kau da kai daga halin ƙuruciya ba. Ran 23 ga Oktoba 1942 wani matuƙin soja da ke kai jirgin B-34 ya matso kusa da jirgin fasinja na DC-3 kusa da Palm Springs, a Kalifoniya, don ya gaisa da abokinsa da ke aiki a cikinsa. Ya bugi wutsiyar jirgin fasinjan, mutum 12 da ke ciki suka hallaka. Haka kuma Cornelia Fort, mace ta farko cikin matuƙan Amurka da ta mutu a bakin aikin soja, ta rasu ran 21 ga Maris 1943 a Texas bayan wani BT-13 da suke tafiya tare ya matso ya taɓa fiffikenta.

Ya kamata mu ƙara da cewa abin bai tsaya ga sojoji ba. Ran 27 ga Agusta 1941 jirgin horo na Botha ya yi karo da jirgin Defiant a saman garin Blackpool, Bothan ya faɗa kan tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar gari. Mutum 18 suka mutu, mafi yawansu mutanen da ke ƙasa.

5.0 Sauran Haɗarurruka

Karo ya fi tayar da hankali, amma ba shi kaɗai ke kisa ba. Akwai ruɗewar jiki: a cikin duhu ko gajimare, sashen cikin kunne da ke gaya wa mutum ko a miƙe yake yakan yaudare shi, jirgi na karkata yana jin daidai yake, har ya murɗa ya faɗi. Maganinsa shi ne matuƙi ya gaskata agogo ya ƙaryata jikinsa, wannan kuwa sai da dogon horo.

Akwai kuma laifin ƙirar jirgi. Jirgin B-26 yana da gajeren fiffike, saboda haka da gudu mai yawa yake sauka, in inji ɗaya ya mutu lokacin tashi kuma sai gwani ke iya riƙe shi. A 1942 ɗalibai sun yi ta faɗuwa da shi a sansanin MacDill da ke Tampa, har kwamitin majalisar dattawa na Harry Truman ya binciki lamarin. Da aka ƙara wa fiffiken tsawon ƙafa shida, aka kuma gyara koyarwa, sai ga shi ya shiga sahun jiragen da aka fi ƙarancin asararsu a fagen yaƙin Turai. Haka nan a 1943 Alphonse Chapanis, masanin halayyar ɗan Adam, ya lura cewa matuƙan B-17 suna naɗe tayoyin jirgi bisa kuskure lokacin sauka, saboda makunnin tayoyi da na maɓallan bayan fiffike iri ɗaya ne, kuma suna dab da juna. Da aka sa wa kowanne kai mai siffa dabam, yadda hannu zai bambanta su ko ba a duba ba, matsalar ta kau. Abin da aka daɗe ana rubutawa a matsayin kuskuren matuƙi, ashe kuskuren maƙeri ne.

6.0 Matakan Gyara

Wasu matakan sun girmi yaƙin. Tun 1917 Robert Smith-Barry ya kafa tsari a Gosport inda malami da ɗalibi ke tashi tare a jirgi mai sitiyari biyu, suna magana ta bututu, ana jefa ɗalibi cikin hali mai haɗari da gangan don ya koyi fita. Takardar jerin abubuwan dubawa kafin tashi ta samo asali ne daga faɗuwar jirgin gwaji na Boeing 299 ran 30 ga Oktoba 1935, wanda ya tashi ba a cire makullin da ke riƙe sitiyarinsa ba. Akwatin koyon tuƙi da Edwin Link ya ƙera a 1929, wanda ɗalibi ke shiga a rufe shi ya yi tuƙi da agogo kaɗai yana ƙasa, an yi fiye da 10,000 nasa a lokacin yaƙin.

A 1942 rundunar Amurka ta kafa sashe na musamman mai binciken haɗari da tara lissafinsa. An riƙa shafa wa jiragen koyo na Ingila da Kanada rawayan fenti don a hango su daga nesa, aka ƙara ƙananan filaye a kewayen manya don rage cunkoso. A gabashin Ingila an kafa tashoshin rediyo da kowace runduna ke zagayawa a kansu yayin hawa, aka kuma yi wa wasu tsofaffin jirage fenti mai ratsi-ratsi da ɗigo-ɗigo, su tashi da farko suna harba fitilu, saura su taru a bayansu.

Wani abin lura shi ne yadda aka shigo da lissafi cikin al'amarin. Freeman Dyson, wanda ya fara aiki da sashen bincike na rundunar jefa bom ta Ingila a 1943, ya auna haɗari biyu: in jirage suka matsu da juna da dare karo zai ƙaru, in suka warwatsu kuma jiragen Jamus za su fi samun damar tsintarsu ɗaya-ɗaya. Wannan ya nuna cewa shugabannin yaƙi ba su nemi kawar da karo ɗungurungum ba. Abin da suke nema shi ne inda jimillar asara za ta fi ƙaranci.

Jamus ta bi wata hanya dabam, ta kuma ga sakamakonta. Ta kwashe jiragen Ju 52 da malamai daga makarantu don jigilar kaya zuwa Stalingrad a ƙarshen 1942, ƙarancin mai kuma ya sa a 1944 sabon matuƙinta ba ya samun ko rabin awoyin da takwaransa na Amurka ko Ingila ke samu. Amurka da Ingila suna mai da gwanayensu gida su koyar, Jamus kuwa ta bar nata a bakin daga har suka ƙare.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, mutuwar ɗalibai ba tsautsayi kaɗai ba ne. Gaggawa da cunkoso da ƙarancin malamai da ƙirar jirgi duk suna da hannu, kuma kowannensu abu ne da mutane suka tsara, mutane kuma za su iya gyarawa. Na biyu, rage horo don a sami matuƙa da wuri ba ya rage asara, ɗage ta kawai yake yi daga makaranta zuwa bakin daga. Na uku, ƙa'idar a gani a kauce tana da iyaka wadda halittar ido ta gindaya. Ba a yi wa wannan iyaka cikakken tanadi ba sai bayan yaƙi, bayan karon jiragen fasinja biyu a saman Grand Canyon a 1956, inda mutum 128 suka mutu, da karon jirgin horon soja da na fasinja kusa da Las Vegas a 1958, inda 49 suka mutu. A wannan shekara ta 1958 Amurka ta ɗora kula da sararin samanta, na soja da na farar hula, a hannun hukuma guda. Daga baya aka zo da na'urar da ke sa jirage su ji kusantar juna da kansu, ta ce wa ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka.

Duk ƙasar da ke horar da matuƙanta, musamman idan tana cikin halin yaƙi kuma ana matsa mata ta yi sauri, tana fuskantar zaɓin da waɗancan suka fuskanta. Tambayoyin da ya kamata a riƙa yi ba su canza ba: awa nawa ɗalibi ya yi a sama, wa ya koya masa, jirage nawa ke cikin sarari guda, wa kuma yake raba musu hanya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.